Girizili a watan Yuni ko farin beyar a Satumba: yadda ake zaɓen tafiyar ɗaukar hoto a gaɓar kurmin Fasifik

Daga arewacin tsibirin Bankuba a Kanada har zuwa kudu maso gabashin Alaska a Amurka, akwai wani dogon kurmi da ya bi gaɓar tekun Fasifik. Ƙasar sanyi ce, amma ruwan sama ba ya yanke mata. Garin Prince Rupert kaɗai yana samun wajen milimita 2,600 a shekara, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, ƙauyen Ocean Falls kuwa ya haura 4,000. Mafi yawan yankin babu titi. Teku ne ya kutsa cikin duwatsu ya yi dogayen lunguna masu zurfi, kuma a ƙarshen kowane lungu akwai bakin kogi, inda dabbobin ke taruwa. Wanda ke son hotonsu dole ya bi ta ruwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zaɓen jirgi saboda kyansa a talla, sannan a duba watan da ake da hutu. A nan dabba ce ke yanke wata, wata kuma ke yanke wuri. Beyar, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi, na bin abinci ne: ciyawar fadama a Mayu da Yuni, kifin salmon daga Agusta zuwa Oktoba. Wanda ya je neman farin beyar a watan Yuni zai dawo da hotunan itatuwa masu kyau. Saboda haka fara da tambayar kanka hoton da kake so ka riƙe a hannu, sauran zaɓin zai biyo baya.

Jirgi mai zane, masauki, ko babban jirgi

Jiragen da aka fi tallata wa masu ɗaukar hoto su ne masu dogon sanda da faffaɗan zanen da iska ke turawa. Tsawonsu yakan kama daga mita 20 zuwa 28, suna ɗaukar baƙi shida zuwa goma sha biyu ko ɗan fiye. Ɗaya daga cikin sanannunsu, Maple Leaf, an ƙera shi tun 1904, baƙi takwas yake ɗauka. Amma gaskiyar da ya kamata ka sani tun farko ita ce, zanen ba ya yawan buɗewa. A cikin lungunan, ko dai iska ta kwanta gaba ɗaya, ko kuma ta biyo lungun ta tare jirgin ta gaba. Yawancin tafiyar da inji ake yin ta, a gudun kilomita 11 zuwa 15 a awa. Amfanin irin wannan jirgi ba a zanen yake ba. Amfaninsa shi ne yana jefa anga ya kwana a bakin kogin da kake son aiki, da asuba ka sauka cikin kwalekwalen roba mai inji, cikin minti goma ka isa wurin dabba tun haske na da taushi. In wuri bai yi ba, kyaftin ya ɗaga anga a koma wani lungun.

Farashin wannan 'yanci shi ne ƙunci. Ɗakin kwana ɗan ƙarami ne, sau da yawa mutum biyu, gado sama da ƙasa. Banɗaki na haɗaka ne, ana tura ruwansa da famfon hannu ko na lantarki, kuma abu kaɗan ke toshe shi. Ruwan daɗi a tanki yake, wanka na gaggawa ne. Jiƙaƙƙun kayan mutum goma suna rataye wuri guda.

Masaukin da ke tsaye wuri ɗaya, kamar Spirit Bear Lodge da ke Klemtu, mallakar al'ummar Kitasoo Xai'xais, 'yan asalin yankin, ko Knight Inlet Lodge da ke kan ruwa a Glendale Cove, ya fi daɗin zama nesa ba kusa ba: gado mai faɗi, ɗakin busar da kaya, wuta ba yankewa. Sai dai kowace safiya ana tashi ne daga wuri guda. Inda wurin kallon ke kusa da masaukin, babu asara. Inda kuwa sai an yi awa ɗaya ko biyu a jirgi mai gudu kafin a isa, hasken safiya ya tafi a hanya, na yamma ma haka, domin dole a koma kafin duhu. Wanda jiri ke kama shi a ruwa, ko mai ciwon baya, ko wanda ya zo da iyalin da ba hoto ya kawo su ba, masauki ya fi masa.

Manyan jiragen yawon buɗe ido masu ɗaukar dubban mutane ba na wannan aiki ba ne. Za ka hango wel, wato ƙatuwar dabbar teku mai siffar kifi, daga bene na goma kamar ɗigon tawada. Matsakaita masu ɗaukar mutum 30 zuwa 100 suna da kwalekwalen roba, amma bi da bi ake shiga, kuma wuraren kallon beyar mafi kyau ba sa karɓar taro irin wannan.

Lissafi ɗaya ya kamata ka yi kafin komai: mutum nawa ne a kwalekwalen roba ɗaya? Shida zuwa takwas, kowa na iya juyawa da dogon lens, wato gilashin gaban kyamara mai zuƙo nesa. Goma sha biyu, rabinku na kallon bayan rabi, kuma duk wanda ya gyara zama ya girgiza hoton kowa.

Khutzeymateen, ƙarshen Mayu zuwa Yuni

Wannan lungu yana wajen kilomita 45 arewa maso gabas da Prince Rupert. A 1994 aka ayyana shi mafakar girizili ta farko a Kanada, girizili kuwa shi ne babban beyar mai launin ƙasa da tozo a kafaɗa. Kamfanoni kaɗan ne ke da izinin shiga can ciki, kuma baƙo ba ya taka ƙasa: daga kwalekwale ake komai. Yawanci jirgin sama mai sauka kan ruwa ne ke kai mutum wurin jirgi mai zanen da ke jira a lungun, a yi kwana uku zuwa biyar ba tare da doguwar tafiya ba.

A wannan lokaci beyar sun fito daga barcin hunturu da yunwa, sun sauko bakin kogi suna kiwon wata ciyawar fadama mai furotin da yawa tun tana ɗanya. In teku ya janye, wasu su tona laka neman dodon koɗi. Lokacin barbara ne kuma, ga uwaye da ƙananan 'ya'ya suna kaffa-kaffa da manyan maza. Ga mai hoto, falalar a fili take: dabba a sarari, bayanta kore shar, gashi dogo bai gama zuba ba, kuma rana na kai awa 17. Kwalekwalen na zaune ƙasa-ƙasa a kan ruwa, don haka idon lens na daidai da idon beyar, abin da ke sa hoto ya yi rai.

Abin da ke juya aikin yini shi ne cikar teku, ba agogo ba. A wannan gaɓa tazarar cika da janyewa na iya kai mita bakwai. Kwalekwale ba ya shiga cikin fadamar sai ruwa ya cika, kuma dole ya fito kafin ya janye, in ba haka ba ya zauna a laka na awoyi. Teku na cika sau biyu a yini, kullum yana jinkirta wajen minti 50. Ma'ana, akwai makon da cikar ke faɗowa da hantsi da yamma, akwai wanda take faɗowa da tsakar rana da tsakar dare. Jadawalin cikar teku na Prince Rupert yana intanet tun shekara guda kafin lokaci. Ka ɗora shi a kan ranakun da kamfani ya ba ka kafin ka biya ko sisi.

Abin da ba za ka samu ba: beyar na kama kifi, da farin beyar. Hotunan za su yi kama da juna in ba ka yi dabara ba, domin dabba mai kiwo kanta a ƙasa yake. Sai ka jira ta ɗago, ta shinshina iska, ko ta tsaya da ƙafa biyu. Duk da haka, a cikin duk zaɓin nan, wannan ne ya fi tabbas. Mai lens matsakaici da ƙarancin kwanaki ya fi dawowa da hotuna masu kyau daga nan.

Kurmin Great Bear, Satumba zuwa farkon Oktoba

Kurmin Great Bear ya kai hekta miliyan 6.4. A watan Fabrairun 2016 aka kammala yarjejeniyar da ta kare kashi 85 cikin 100 na dajin daga saran katako na kasuwanci, a ƙarshen 2017 kuma lardin Birtish Kolombiya ya haramta farautar girizili. Tafiyar jirgi mai zane a nan takan ɗauki kwana bakwai zuwa goma, tsakanin Bella Bella a kudu da Kitimat ko Prince Rupert a arewa, ana ratsa wurare irin su Mussel Inlet da Khutze Inlet da tsohuwar masana'antar gwangwanin kifi ta Butedale da ta zama kufai.

Abin da ke jan mutane nan shi ne farin beyar. Ba zabiya ba ne: idonsa da hancinsa masu duhu ne. Baƙin beyar ne na yau da kullum wanda ya gaji wata ƙwayar halitta, MC1R, mai sauyi daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa baƙar uwa kan haifi farin ɗa. An fi samunsa a tsibiran Gribbell da Princess Royal, ƙasar al'ummar Gitga'at ta Hartley Bay da ta Kitasoo Xai'xais. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya nuna ƙwayar ta fi ƙaranci fiye da yadda aka yi zato a da. Su mutanen wurin ne ke riƙe da rafukan da ake kallonsa, da 'yan jagorarsu ake shiga, kuma kowane jirgi ranarsa a ƙayyade take. A tafiyar kwana tara, ƙila yini ɗaya ko biyu ne na farin beyar.

Ga yadda yinin yake. A sauka a bakin rafi, a taka cikin kurmi kan saiwoyi da laka, a zauna a gefen ruwa ko a kan wani dandamalin katako. Daga nan sai jira, awa shida, awa takwas, shiru, ba abinci mai ƙamshi, ba yawo. Baƙaƙen beyar za su zo su wuce. Fari na iya fitowa minti ashirin, yana iya yini bai fito ba. Duk kamfanin da ya yi maka alkawarin ganinsa, ka yi hattara da sauran maganarsa.

Nan ne kuma gizo ke saƙa ga kyamara. Rafukan ƙanana ne, manyan itatuwan sida da gansakuka sun rufe sama, ga hadari. Da lens mai ƙofar haske f/7.1 da saurin ƙiftawa 1/500, ISO, wato ma'aunin jin hasken kyamara wanda yawansa ke ɓata hoto, na haurawa 6,400 har 12,800 ba wuya. Lens mai f/2.8 na shigar da haske wajen ninki shida na wancan, ninki huɗu na f/5.6. Kuma beyar na matsowa kusa a rafin fiye da yadda ake zato, saboda haka lens mai milimita 70-200 ko 300 mai f/2.8 sau da yawa ya fi dogon nan mai 600 amfani a nan. Matsala ta biyu ita ce awon haske: kyamara na ganin duhun kurmi ta buɗe haske da yawa, farin gashin ya ƙone babu komai a ciki. Rage awon da mataki ɗaya ko ɗan fiye, ka kunna gargaɗin ƙonewar fari a allon kyamara. In baƙin beyar ne ya shigo, akasin haka, gashinsa ke nutsewa cikin duhu. Mafita ita ce ka saita komai da hannu a kan hasken rafin tun kafin dabba ta zo, ka riƙa sabuntawa duk sanda gajimare ya sauya.

Ruwan sama a wannan wata aboki ne kuma abokin gaba. In an yi fari, rafi ya ƙafe, salmon su tsaya a teku suna jira, beyar ba su da dalilin saukowa. In ruwa ya yi yawa, rafi ya cika ya yi jajir, kifin ya ɓace a zurfi, beyar su koma cin 'ya'yan itace a daji. Kwana biyu bayan ruwa matsakaici shi ne lokaci mafi kyau, kuma ba wanda ke iya saye shi tun shekara guda. Farkon Satumba ya fi sauƙin yanayi da tsawon yini. Ƙarshensa da farkon Oktoba kifi ya fi yawa a wasu rafukan, ganyen bakin kogi ya yi ja da rawaya, beyar sun yi ƙiba, amma yini ya koma awa 12 ko ƙasa, kuma guguwar kudu maso gabas na iya tsare jirgi a lungu ɗaya kwana biyu.

Abin da ya sa wannan tafiya ta fi kowace cika shi ne, ko farin beyar bai fito ba, kwalliya na biyan kuɗin sabulu: girizili na kama salmon a bakin manyan koguna, gaggafa mai farin kai, zakin teku a kan duwatsu, orka, wato wani ɗan'uwan wel mai launin baƙi da fari, da wel mai doro da yawa a mashigan da ke kewaye da tsibirin Gil. Kyarkecin gaɓa, mai cin kifi da iyo tsakanin tsibirai, yana nan, amma ganinsa sa'a ce, da asuba in teku ya janye. Kada ka biya kuɗin tafiya dominsa kaɗai.

Haida Gwaii

Waɗannan tsibirai suna can cikin teku, mashigin Hecate ya raba su da gaɓa. Babu girizili, babu farin beyar. Akwai wani nau'in baƙin beyar mai girma, da tsuntsayen teku masu yawa a Mayu zuwa Yuli, da zakin teku, da halittun da ke bayyana a Burnaby Narrows in ruwa ya janye. Babban abin zuwa shi ne Gwaii Haanas, wanda al'ummar Haida da gwamnatin Kanada ke gudanarwa tare tun 1993, da tsohon ƙauyen SGang Gwaay mai sassaƙaƙƙun ginshiƙan sida, da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Mutum 12 kacal ake bari su sauka a wuri ɗaya lokaci guda. A nan zanen jirgi ya fi samun aiki, igiyar ruwa ma ta fi ƙarfi. Mai son tarihi da tsuntsaye da shimfiɗar ƙasa ya je. Mai neman beyar ya duba wani wuri.

Kudu maso gabashin Alaska, Yuli da Agusta

Kurmin ɗaya ne, iyaka ce kawai ta raba. A ɓangaren Amurka sunansa Tongass, dajin gwamnatin tarayya mafi girma a ƙasar. Ana tashi daga Juneau, Sitka ko Petersburg. Abu biyu Alaska ta fi Kanada: wel da ƙanƙara. A Frederick Sound da Chatham Strait ake ganin wel masu doro na farautar haɗin gwiwa: su nutse ƙarƙashin garken ƙananan kifi, ɗaya ya zagaye su da kumfar iska kamar koma, sannan duka su taso baki buɗe. Ana yin wannan a ɓangaren Kanada ma, amma manyan ƙungiyoyin Alaska sun fi shahara. Tasowar ba ta wuce daƙiƙa kaɗan, kuma ba ka san inda za ta faru ba. Ka bar lens a faɗi, wajen 100 zuwa 200, saurin ƙiftawa 1/2000, idanu biyu a buɗe, ka lura da zoben kumfa da inda tsuntsaye suka nufa. Wanda ya zuƙo zuwa 600 yana jira zai ɗauki ruwa zalla. Ga kuma kogunan ƙanƙara masu gangarowa har cikin teku, irin su Dawes da LeConte, da karen ruwa na teku da ke kwance rigingine.

Beyar a Alaska da tikiti ake kallonsu a wurare biyu da suka fi suna. Pack Creek, a tsibirin Admiralty mai beyar masu launin ƙasa wajen 1,600, mutum 24 yake karɓa a yini daga 5 ga Yuli zuwa 25 ga Agusta. Anan Creek, kusa da Wrangell, na karɓar 60, kuma a can baƙin beyar da mai launin ƙasa na kamun kifi a rafi ɗaya. Ka tambayi kamfani ko izinin na hannunsa a rubuce. Matsalar Alaska ita ce cunkoso: manyan jirage na ratsa mashigan, kuma samun lungun da babu kowa ya fi wuya.

Doka ta ƙayyade nisa a ƙasashen biyu. A Kanada mita 100 ne daga wel, 200 in yana hutawa ko yana tare da ɗa, 200 daga orka, har fiye da haka a kudancin lardin Birtish Kolombiya. A Alaska yadi 100 ne daga wel mai doro. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto, bar shi a gida: an hana shi kusa da dabbobin teku da cikin yawancin wuraren da aka keɓe.

Kayan aiki da abin da ke lalata su

Kyamara biyu, ɗaya da 100-400 ko 100-500, ɗaya da 24-105 ko 70-200. Canza lens a cikin kwalekwale ƙarƙashin yayyafi shi ne hanyar da ruwa ke shiga cikin kyamara. Ƙafa uku ta ɗora kyamara ba ta da amfani a jirgi, tana ɗauko rawar inji ta kai wa lens; a ƙasa, wurin jiran farin beyar, ita ko ƙafa ɗaya na hutar da hannu. A kwalekwale, kada ka jingina lens a jikin robar in inji na aiki. Ka manna gwiwar hannu a ƙirji, kada ka sauka ƙasa da 1/1000 ko da dabbar na tsaye, domin kai ne ke motsi. Manyan lens irin 400 mai f/2.8 ko 600 mai f/4 suna kai kilo uku, kuma jirgin sama mai sauka kan ruwa na auna kaya da tsanani, don haka ka tambayi iyakar nauyi tun da wuri.

Ruwan sama ba ya kashe kyamara kamar raɓa da gishiri. Ka shigo da kyamara mai sanyi cikin ɗakin jirgi mai ɗumi da tururin girki, nan take gilashin ya yi gumi ciki da waje, ya ɗauki awa kafin ya washe. Sa ta cikin jaka mai hana ruwa, ka rufe tun kana waje, ka bar ta ta ɗumama a hankali, ko ka bar jakar a wuri mai sanyi a rufe. Feshin teku kuwa, kada ka goge shi a bushe, ƙwayoyin gishiri na karce gilashi. Tsumma mai ɗan ruwan daɗi da farko, sannan busasshe. Tafi da tsummokin goge lens goma, ba biyu ba, da rigar ruwa ta kyamara, ka bar murfin inuwar lens a ɗaure kullum don ya tare ɗigo.

Wuta a jirgi volt 110 ce, soket irin na Amurka, kuma a wasu jiragen sai janareta na aiki ake caji. Yawancin cajar kyamara na karɓar 100 zuwa 240, adafta kawai kake buƙata, da ƙaramin soket mai baki da yawa. Batir huɗu ga kowace kyamara ba su yi yawa ba, kuma a jakar hannu ake ɗaukarsu a jirgin sama. Memori kuma, yi lissafi: hoto 2,000 a yini, kowanne megabait 50, gigabait 100 ke nan, kwana tara ya kusa terabait ɗaya, ga kwafi na biyu.

Sanyin wurin digiri 8 zuwa 15 ne, amma ba irin na hunturu ba ne mai bushewa. Jiƙaƙƙe ne, yana ratsa ƙashi in ka zauna awa uku ba motsi. Kayan auduga na riƙe ruwa, bar su. Ulu ko roba a ciki, riga da wandon ruwa na gaske a waje, masu duhun launi marasa ƙara, takalmin roba har gwiwa, safar hannu biyu. Mai jiri ya sha maganinsa awa ɗaya kafin a fita buɗaɗɗen teku, ba bayan ciki ya fara juyawa ba.

Mai tasowa daga Najeriya ko Nijar

Biza ce ke iya yanke zaɓin kafin dabba. Birtish Kolombiya na buƙatar bizar Kanada da ɗaukar zanen yatsu, Alaska ta Amurka, wadda sharuɗɗanta ga 'yan ƙasashenmu suka tsananta kuma suke sauyawa. Ka lura da tafiyar da ke tashi a Prince Rupert ta ƙare a Alaska, biza biyu take ci, haka ma jirgin saman da ke yada zango a Amurka. Kamfanoni na cika gurbi tun shekara guda, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa bayan wata rana da suka sa. Ka san wannan rana, ka nemi biza da wuri yadda amsa za ta zo kafin ta. Ka isa garin tashi kwana ɗaya ko biyu kafin lokaci, domin hazo na soke jirage zuwa Bella Bella, jirgin ruwa kuma ba ya jiran mutum ɗaya. Inshora mai ɗaukar nauyin kwashe marar lafiya da jirgin sama wajibi ce, asibiti na da nisa kuma waya ba ta da sabis.

Abinci ba matsala ba ne in ka rubuta wa mai girki tun da wuri cewa ba ka cin alade da abin da aka dafa da giya. Kifi na da yawa, amma sayayya sau ɗaya ake yi kafin tashi. Alƙibla daga can kusan arewa ce, da ɗan karkata gabas. A watan Yuni, a wannan nisa daga tsakiyar duniya, hasken almuru ba ya gama ɓacewa har asuba, saboda haka ka tambayi malami hukuncin Isha'i da Asuba kafin ka tafi. A Satumba lokutan na komawa kusa da yadda aka saba.

In tafiya ɗaya za ka yi a rayuwa kuma kana da lens mai haske da haƙurin zama, Great Bear a tsakiyar Satumba, a jirgin da bai wuce baƙi goma ba, shi ne zaɓinmu. In kwanakinka kaɗan ne ko lens ɗinka na f/6.3 ko f/7.1 ne, Khutzeymateen a farkon Yuni. In wel ne a ranka kuma bizar Amurka na hannu, Alaska a ƙarshen Yuli. Ko wanne ka ɗauka, ka rubuta wa kamfanin ka tambayi mutum nawa ne a kwalekwale, awa nawa ake yi a cikinsa a yini, ko ana fita kafin karin kumallo, ko suna cikin ƙungiyar masu kai baƙi kallon beyar ta lardin, da kuma wace yarjejeniya suke da ita da al'ummar da ke da rafin. Sai ka tambayi ko tafiyar ta masu hoto ce zalla ko gauraye. A gauraye, bayan minti arba'in da beyar ɗaya sauran baƙi sun ƙoshi suna son a ci gaba, alhali kai a lokacin ne dabbar ta saki jiki ta fara yin abin da ka zo ɗauka.